Baƙin mai mai kauri ba shi ne maganin tsufan inji ba

A kusan kowane gareji, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna har zuwa Agadas, akwai shawarar da ake ba duk wanda motarsa ta daɗe tana cin hanya: tunda inji ya tsufa, a zuba masa mai kauri. Da zarar Land Cruiser ko Hilux ta haura kilomita 300,000, sai a ce ta wuce shan 15W-40, a koma 20W-50 ko SAE 50, wani lokaci ma a ƙara da gwangwanin sinadarin nan mai yauƙi kamar zuma. Mai mota ya tayar da inji ya ji ƙara ta ragu, hayaƙi ya ɗan lafa, sai ya tafi yana godiya.

Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta daɗe. Amma a mafi yawan lokuta ba ita ce daidai ba, kuma motar da ake shiga daji da ita ta fi kowace cutuwa da wannan kuskure. Wanda injinsa ya buga a cikin gari zai kira bakanike ya hau Keke ya koma gida. Wanda nasa ya buga tsakanin Agadas da Dirku, ko a hawan Mambila kafin a kai Gembu, maganarsa ta wuce ta kuɗin gyara, domin akwai fasinjoji, akwai kaya, wani lokaci akwai marar lafiya a bayan mota.

Adadin kilomitan da mota ta yi ba shi ke zaɓar mata mai ba. Abubuwa huɗu ne ke zaɓa, kuma a jere suke: ingancin man, ajinsa, kaurinsa, da lokacin juye shi. Kauri shi ne na uku, amma shi kaɗai aka fi tattaunawa a kai.

Injin da ya dace a yi misali da shi

Babu injin da ya fi 1HZ na Toyota dacewa da wannan magana. Inji ne na dizal mai silinda shida a jere, lita 4.2, ba shi da tobo, ba shi da kwamfutar da ke sarrafa shi. Ya fito a 1990, kuma shi ne a cikin ɗimbin Land Cruiser samfurin 70, da 80, da 105, da kuma bas ɗin Coaster. Shi ne motocin asibiti na karkara da na ƙungiyoyin agaji da direbobin hamada suka daɗe suna dogaro da shi. Yana ɗaukar baƙin mai kimanin lita goma, gwargwadon samfurin mota.

An san 1HZ da juriya, amma yana da hali guda: yana baƙanta mai da wuri. Irin tsarin ƙona man da yake da shi yana sa kunkunniya ta riƙa gangarawa ta gefen fistin ta shiga cikin mai. Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama Toyota ta sa masa juye a kowace kilomita 5,000. Injin da ke da wannan hali, abin da ya fi buƙata shi ne man da zai riƙe kunkunniyar a warwatse har ranar juye, kada ta dunƙule ta toshe hanyoyi. Kauri ba ya yin wannan aiki. Sinadaran da aka haɗa a cikin man ne ke yi.

Abin da lambobin jikin galan ke nufi

Lambobi irin su 15W-40 ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi. Ana gwada mai 15W a digiri 20 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa idan ya yi zafin digiri 100, wato kusan zafin da yake aiki a cikin inji. A wannan zafi, mai lamba 30 kaurinsa yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin cSt, mai lamba 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9.

Akwai wani gwajin da ba a rubuta shi a gaban galan, wanda ake yi a digiri 150 yayin da ake murza man da ƙarfi, kamar yadda yake murzuwa tsakanin karanshaf da metal. A wannan gwaji, mafi ƙarancin abin da ake buƙata daga 15W-40 da 20W-50 ɗaya ne: 3.7. Ma'ana, 15W-40 na gaskiya an riga an yi shi domin zafi da nauyi. Shi ne man da manyan motocin dakon kaya suka yi shekaru suna aiki da shi a ƙasashe masu zafi.

Masu cewa babu ruwan ƙasar Hausa da lambar W tunda ba a ƙanƙara, sun manta da asubahin hunturu. A Bilma da kewayenta sanyin dare yakan sauka har kusa da daskarar da ruwa, haka Jos da Mambila suna da nasu sanyin. Ko a digiri 15, man SAE 50 zalla yana da nauyin gudana. Daƙiƙun farko bayan an tayar da inji, kafin mai ya hau sama ya kai ga kamshaf da bawul, su ne lokacin da ƙarfe ya fi gogar ƙarfe. Duk abin da ya tsawaita waɗannan daƙiƙu ɓarna yake ƙarawa, kuma kullum safiya ake maimaita ta.

Baƙin mai kuma ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, yana kwashe zafi daga fistin da metal ya kai shi inda zai huce. Mai mai kauri ya fi jinkirin zagayawa, ya fi wahalar da famfo, kuma ya fi sa mota shan dizal. Idan allurar matsin mai ta hau bayan an zuba mai kauri, ba lallai ne mai ya fi isa inda ake so ba. Allurar tana nuna wahalar da famfo ke sha wajen tura shi ne.

A injunan fetur na baya-bayan nan, irin 2TR-FE mai lita 2.7 na Hilux da 1GR-FE mai lita 4.0 na Prado da Land Cruiser, akwai ƙarin dalili. Suna da tsarin VVT-i, wanda da matsin baƙin mai yake sauya lokacin buɗewar bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi masu 'yar rariya. Man da ya yi kauri fiye da kima ko ya yi dauɗa yana sa wannan tsari jinkiri.

Inda masu son kauri suke da gaskiya

Adalci shi ne a faɗi cewa 20W-50 ba guba ba ne. A littattafan tsofaffin motocin Toyota da aka sayar a ƙasashe masu zafi, akwai shi a jadawalin man da aka amince da shi. Kuma idan metal ya cinye har gibin da ke tsakaninsa da karanshaf ya buɗe, mai mai kauri yana ɗaga matsi ya sayi lokaci kafin a sami kuɗin sauke inji.

Matsalar ita ce yanke hukunci da kallon lambar kilomita. Akwai 1HZ da ya yi kilomita 500,000 cikin kulawa yana nan garau, akwai wanda ƙura ta gama da shi kafin 150,000. Hanyar rarrabe su ba ta da tsada. Bakanike ya cire suwic ɗin fitilar mai ya ɗaura agogon awon matsi, a auna bayan inji ya yi zafi sosai, a silo da kuma lokacin da aka taka totur, sannan a gwada da abin da littafin gyara ya ce. Fitilar da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, domin ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa.

Sai kuma awon shan mai. A ajiye mota a wuri mai daidai, a duba sandar awo da safe kafin a tayar, a rubuta a waya, a sake dubawa bayan kilomita 1,000. Littattafan Toyota da yawa sun sa lita ɗaya a kilomita 1,000 a matsayin iyakar abin da za a lamunta. Injin da ke shan rubu'in lita a wannan tazara ba shi da wata larurar da za ta sa a canza masa mai. Idan awo ya nuna matsi ya faɗi kuma shan mai ya yi yawa, a hau mataki ɗaya, daga 40 zuwa 50, tare da sanin cewa jinkirta gyara aka yi. Mai ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye.

Haruffan da ba a karantawa

A jikin kowane galan na ƙwarai akwai wasu haruffa da suka fi lambar kauri muhimmanci, wato ajin API na cibiyar man fetur ta Amurka. Wanda ya fara da S na injin fetur ne: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Wanda ya fara da C na dizal ne: CF a 1994, CH-4 a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a ƙarshen 2016. Yawancin 20W-50 da ke kasuwa an yi shi ne domin motocin fetur. Zuba shi a 1HZ saboda kaurinsa kawai, musanya abin da injin ke buƙata ne da abin da ba ya buƙata.

Dalili shi ne farar wuta, wato sinadarin sulfa da ke cikin dizal. Idan ya ƙone ya haɗu da danshi sai ya zama asid, asid kuma yana cin metal da bangon silinda. Man dizal yana ɗauke da sinadaran da ke kashe kaifin wannan asid, kuma ana auna yawansu da lambar da ake kira TBN. Kullum inji na aiki wannan tanadi raguwa yake yi.

Shekaru da dama ƙa'idar Najeriya ta yarda da dizal mai sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a kashi 10 tun 2009. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya tona yadda ake shigo da irin wannan mai Afirka ta Yamma. A 2020 ECOWAS ta amince da kashi 50, dokar masana'antar man fetur ta Najeriya ta 2021 ma ta bi wannan ma'auni. An sami ci gaba, amma motar daji ba kullum take shan mai a babban gidan mai ba. Sau da yawa daga duro take sha ko daga jarkar 'yan bumburutu, inda babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki.

An tsara CH-4 da CI-4 su jure dizal mai sulfa har kashi 5,000 cikin miliyan. CJ-4 da CK-4 kuwa, duk da sun fi sabunta kuma suna aiki a tsofaffin injuna, an tsara su ne domin dizal da bai wuce kashi 500 ba. Saboda haka ga 1HZ ko 5L ko tsohuwar Hilux mai 2KD da ke shan man ƙauye, 15W-40 mai ajin CI-4 zaɓi ne mai ƙarfi. Wanda ya sami CK-4 ya zuba, ba laifi, sai dai kada ya ja lokacin juye.

Ga sababbin motoci labarin ya juya. Hilux mai injin 1GD na lita 2.8, wanda ya fito a 2015, idan daga Turai aka shigo da ita tana da matatar hayaƙi ta DPF a salansa. Irin wannan tana buƙatar mai marar yawan toka, ajin ACEA C2 ko abin da littafinta ya ambata. Man da ya dace da 1HZ zai toshe mata matatar. Shi ya sa ba a aron shawara daga maƙwabci, ko da duk motocin sunansu Hilux.

Ƙura ta fi tsufa ɓarna

Injin fetur yana zuƙar iska kimanin lita 9,000 kafin ya ƙona lita ɗaya ta mai, na dizal ma ya fi haka. A lokacin hunturu wannan iska cike take da ƙurar da ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A hanyar da ba kwalta, motar da ke bin bayan wata a ayari ƙurar ta gaba take shaƙa tun safe har dare. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda da ringi tauri. Idan ta wuce filtar iska ta gauraya da mai, man ya zama abin wasa ƙarfe, ko nawa aka saye shi.

A nan ne al'adar bubbuga filta a jikin taya ko hura ta da iska mai ƙarfi take yin illa. Takardar filta tana tsagewa a inda ido ba ya gani. Duk wanda ya cire bututun da ke tsakanin filta da inji ya shafa cikinsa ya ga ƙura a yatsa, to ya gano abin da ke cin injinsa, kuma babu kaurin man da zai hana. Sabuwar filta ta asali, da robar murfinta da ta zauna daidai, sun fi kowane gwangwanin sinadari amfani.

Inji da awa yake tsufa

Motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa a kan kwalta za ta cika kilomita 5,000 cikin kimanin awa 63. Wadda ke fama da yashi ko laka da ƙaramar giya, tana yin kilomita 20 a awa, sai ta yi awa 250 kafin ta cika wannan tazara. Aikin da man ya yi ya ninka sau huɗu, cikin zafi mai yawa, ga iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce saboda rashin gudu. Masana man inji suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin lalacewar mai. Ba a ma lissafa awannin da mota ke yi a kunne a tsaye ana jiran lodi ko a shingen bincike ba.

Littattafan motoci sun san da haka. Suna da jadawali na biyu na aiki mai tsanani, wanda ya ƙunshi hanya mai ƙura, jan kaya, da yawan tsayawa a kunne, kuma galibi yana rage tazarar juye da rabi. Motar daji a wannan jadawali take duk rayuwarta. Ƙaramin agogon ƙidayar awa da ake haɗawa da makunni ba shi da tsada, kuma ya fi lambar kilomita faɗin gaskiya.

Da damina akwai ƙarin haɗari. Bayan an tsallaka rafi, a zaro sandar awo a duba. Man da ya koma kalar shayi da madara ruwa ya shige shi, kuma a ranar ake juye shi. Haka za a duba man giya da na difa, domin suna zuƙar ruwa ta hancin shaƙar iskarsu idan sun shiga ruwa da zafinsu. Idan kuma aka ga mai yana ƙaruwa a sanda maimakon raguwa, yana warin dizal, to nozul ko famfon dizal ne ke zuba a ciki. Wannan gyara yake so, ba canjin mai ba.

Sintetik da man tsofaffin motoci

Ana yawan cewa man sintetik yana sa tsohon inji yoyo. Asalin maganar daga shekarun 1970 ne, lokacin da wasu nau'o'in farko ba sa jituwa da robobin tare mai. Na yanzu sai sun ci gwajin jituwa da roba kafin su sami ajin API. Abin da kan faru shi ne man ya wanke dauɗar da ta daɗe tana rufe wata tsaga, sai yoyon da ke ɓoye ya bayyana. Ga inji mai tobo, sintetik yana da amfani na zahiri saboda ya fi jure zafi. Ga 1HZ kuwa, kunkunniya da ƙura za su ɓata shi a lokaci guda da na gargajiya. Wanda ya sayi mai tsada sannan ya ji ciwon zubar da shi a kilomita 5,000 ya bar shi ya kai 10,000, ya yi asara biyu.

Man da ake rubuta wa na motoci masu dogon zango, wanda Valvoline ya yi fice da shi a Amurka domin motocin da suka wuce mil 75,000, wato kimanin kilomita 120,000, yana ɗauke da sinadarin da ke tausasa robobin da suka bushe. Yana rage ɗan tsattsafo, ba ya ɗinke robar da ta yage. Yawancinsa kuma na injin fetur ne, don haka mai dizal ya duba harafin C kafin ya biya. Sinadarin wanke cikin inji ma abin taka-tsantsan ne a injin da ba a san tarihinsa ba, domin dauɗar da ya ɓamɓaro tana iya toshe rariyar famfon mai. Juye biyu ko uku a kusa da juna sun fi shi aminci.

Matakin farko: man ya zama na gaskiya

Duk wannan bayani ba shi da amfani idan abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba. Jabun baƙin mai tsohuwar matsala ce da hukumar SON ta daɗe tana kame a kanta a Najeriya. Wani ɗanyen mai ne da ba a haɗa masa ko sinadari ɗaya ba, wani kuma tsohon juye ne aka tace aka ɗura a galan mai suna. Abin takaici, jabu yakan zo da kauri, domin masu yin sa sun san da yatsa biyu ake gwada mai a kasuwa. Son kauri shi ne ya buɗe musu ƙofa.

Kariya ita ce saye a gidan mai na kamfani ko wurin dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi da lambar rukunin da aka buga, a nemi alamar MANCAP a kan wanda aka haɗa a Najeriya. API tana da kundin kamfanonin da ta ba lasisi a intanet, ana iya duba suna ta waya kafin a biya. Mai mota ya tsaya a buɗe galan a gabansa, bayan an gama ya huda shi, kada ya koma kasuwa da wani abu a ciki. Farashin da ya faɗi ƙasa da na ko'ina gargaɗi ne, araha ba ta ado.

Ga mai tsohuwar Land Cruiser ko Hilux ta dizal marar DPF, hanya a bayyane take: 15W-40 na gaskiya mai ajin CI-4, filtar mai da ta iska na asali, juye a kilomita 5,000 ko ƙasa da haka idan yashi da laka sun yi yawa, da galan ɗaya na irin man a bayan mota domin ciko. Komawa 20W-50 sai agogon matsi ya ba da izini, kuma daga ranar ya kamata a fara tara kuɗin sauke inji. Duk wannan a gari ake yin sa, kafin a ɗaura kaya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.